Yadda ake haɗa bahon lalube don wasa da koyon ƙananan yara

Bahon lalube roba ce mai faɗi da ake zuba wa abu guda mai yawa, kamar busasshiyar shinkafa ko yashi ko ruwa, a ƙara 'yan kayan ɗiba da zubawa, a ajiye wa yaro ya tsoma hannu ya yi ta cuɗawa. Mai kallo daga nesa zai ce ɓarna ce kawai. Amma yaron da ke ɗibar shinkafa da cokali yana juyewa cikin kofi, aiki yake ba yatsunsa da wuyan hannunsa, yana daidaita ido da hannu, yana gane bambancin cike da rabi da wayam tun kafin ya san sunayensu. Likitar nan 'yar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a birnin Rum a 1907, ta sa ɗiba da cokali da juye hatsi ko ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan cikin ayyukan farko da ake ba yaro, kuma makarantun da ke bin tsarinta suna yi har yau.

Haɗa bahon ba ya ɗaukar minti goma. Abin da ke buƙatar tunani biyu ne: dacewar abin da aka zuba da shekarun yaron, da yadda babban da ke zaune kusa zai kame nasa hannun da bakin, ya bar yaron ya yi da kansa.

Bahon da wurin ajiye shi

A nemi roba mai kusurwa huɗu, tsawonta kamar santimita 40, faɗinta 30, zurfinta 12 zuwa 15, mai marfin da ke kamawa sosai. Wannan ta ishi yaro ɗaya. Idan yara biyu ne, a nemi mai tsawon santimita 60, domin kowa ya sami gefensa. Zurfin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Faranti ko tire mai gajeren baki ba ya riƙe komai, ɗiba biyu shinkafar ta watse. Bokiti kuwa ya yi zurfi, yaro sai ya miƙe ya duƙa ciki, bakinsa ya tokare masa hammata, kuma ga ɗan ƙaramin yaro bokiti mai ruwa haɗari ne don yana iya kifawa ciki da ka. Roba mai garai-garai ta fi, saboda yaro yana ganin abin da ya binne ta gefe.

A ƙasa ake ajiyewa, ba kan tebur ba. A shimfiɗa tsohon zanin gado ko babbar leda mai kauri wadda ta zarce bahon da kamar rabin mita ta kowane gefe. In an gama sai a kama kusurwoyin zanin huɗu, a tattaro abin da ya zube, a juye shi cikin bahon. Idan wasan ruwa ne, tawul ake shimfiɗawa, domin leda mai ruwa a kan tayil tana kayar da yaro. Kafet kuwa a nisance shi, ƙwayar shinkafa da yashi suna shigewa cikinsa su ƙi fita.

Abin da za a zuba

Tambayar farko ba shekarun yaro ba ce a takarda, ita ce: har yanzu yana kai komai baki? Yawancin yara suna yin haka har wajen shekara biyu, wasu har uku. Muddin yana yi, a ɗauka duk abin da ke cikin bahon zai shiga bakinsa, a zaɓa a kan haka.

Ga mai kai abu baki, ruwa ne abu mafi sauƙi. Zurfin santimita 2 zuwa 3 ya isa, mai ɗumi kaɗan ko yadda ya fito daga famfo, ba sabulu. A jefa kofuna biyu, da babban ludayi, da ƙwallayen roba waɗanda suka fi ƙarfin bakinsa. Wannan ɗan ruwan ma yana iya halaka ƙaramin yaro idan ya kifa fuskarsa ciki, kuma ba a jin ƙara ko kuka in hakan ta faru. Saboda haka babba ya zauna inda hannunsa zai kai ga yaron, in waya ta yi ƙara a wani ɗaki a ɗauki yaron a tafi da shi, in an gama a zubar da ruwan nan take a kife bahon. Wani abin da ya dace da wannan shekarun shi ne manyan ƙyallaye iri-iri: mai santsi, mai kaushi, mai gashi-gashi, kowanne kamar faɗin tafin hannun babba ko fiye, ba mai zare yana lilo ba. Dafaffiyar shinkafa da ta huce ma tana yi, sai dai ta wasa sau ɗaya ce, ana gamawa a zubar, don ƙwayoyin cuta suna saurin yaɗuwa a cikinta idan ta jima a waje.

Duk wani abin wasa da za a saka wa yaron da bai kai shekara uku ba, a gwada girmansa. A Amurka, ma'aunin da ake gwada kayan wasan yara da shi wani ɗan bututu ne mai faɗin santimita 3.17, abin da ya shige ciki dukkansa ana ɗaukarsa mai iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. A gida, kwalin da ke tsakiyar takardar banɗaki yana yin wannan aikin, har ma ya ɗan fi shi faɗi, wanda ya ƙara tsaurara gwajin. Abin da ya wuce ta cikinsa ba na ɗan shekara biyu ba ne. Wannan ya fitar da maɓallai, da duwatsun ado, da marafan kwalba, da ƙananan tsakuwa.

Idan yaro ya bar kai abu baki, busasshiyar shinkafa ita ce uwar tafiya. Tana gudana ta mazurari kamar ruwa, tana yin sauti mai daɗi idan ta zuba kan roba, ba ta manne wa hannu, kuma tsintsiya tana kwashe ta. Kilo 3 yana ba da zurfin kusan santimita 3 a robar 40 da 30, wanda ya isa a binne ƙananan kaya. Kada a cika fiye da kashi ɗaya cikin uku na zurfin bahon. Sauran filin shi ne katangar da ke tare abin da hannu ya watsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da a yi wasa da abin ci ba, yana da gaskiyarsa, kuma bai rasa komai ba: yashi, da yayyagaggiyar takarda, da ruwa suna yin aikin. Wanda kuma ya yi amfani da shinkafar, ya san mudun nan guda zai yi watanni ana maimaita shi muddin bai jiƙe ba.

Rina shinkafar ba dole ba ne, amma tana jan yaron da ya fara gundura. Ga kowane kofi ɗaya na shinkafa, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na ruwan khal da ɗigo shida zuwa goma na kalar abinci a cikin leda mai kauri ko roba mai marfi, a girgiza minti ɗaya har kalar ta game. A baza a kan tire siriri, a bar ta ta bushe awa biyu zuwa uku, a riƙa motsawa. Ruwan khal ɗin yana taimaka wa kalar ta bi ƙwayoyin ta kama, warinsa kuma yana tafiya in ta bushe. Kurakurai biyu ake yi a nan. Na farko, a sa ruwa da yawa, shinkafar ta sha ta yi laushi ta dunƙule, bayan kwanaki ta yi funfuna. Na biyu, a yi gaggawar zubawa kafin ta bushe, yaro ya tashi da hannu shuɗi. A gwada ta da farar takarda: a damƙi kaɗan a murza, in takardar ta fito fes ta yi. Kuma a sani, in an rina kaloli daban-daban aka jera su layi-layi, za su cakuɗe cikin minti biyu, ba kuma za su sake rabuwa ba.

Yashi yana da abin da shinkafa ba ta da shi: idan aka yayyafa masa ruwa yana kama siffa. A yi amfani da wankakke, a tankaɗe shi da rariya don fitar da kwalba da ƙusa da tsakuwa, a wanke har ruwan ya daina fitowa da laka, a shanya ya bushe ƙarau. Yashin gini mai ƙura ba ya dacewa, ƙurar tana shiga hanci da ido. In a waje ake ajiye shi a rufe kullum, domin kyanwa tana mai da shi masai, kuma kashinta yana iya ɗauke da cutar da ke kama mutum.

Akwai haɗi biyu na gida da yara 'yan shekara uku zuwa sama suke so. Na farko, kofi 8 na fulawa da kofi 1 na man girki, a murza da hannu har ya zama gari mai laushi wanda in an damƙe yake dunƙulewa, in an taɓa ya wargaje. In ya ƙi dunƙulewa a ƙara mai cokali-cokali. In yana maiƙo a hannu a ƙara fulawa. Ɗanyar fulawa tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, shi ya sa ba ta mai lasar yatsa ba ce, kuma ba a ba yaron da jikinsa ba ya karɓar alkama. Na biyu, kofi 2 na sitacin masara da kofi 1 na ruwa. Wannan abin mamaki ne ga yaro har da babba: in ka buge shi da ƙarfi sai ya yi tauri, in ka tsoma yatsa a hankali sai ya nutse, in ka dunƙule shi ka buɗe tafin hannu sai ya narke ya zurare ta tsakanin yatsu. Dalili shi ne ƙwayoyin sitacin ba narkewa suke a ruwan ba, yawo suke a ciki. Matsi na farat ɗaya yana cunkushe su wuri guda, motsi a hankali yana ba su damar zamewa. Ba a zubar da shi a magudanar wanke-wanke, yana toshe bututu. A bar shi ya bushe a kankare a sa a shara.

Abubuwan da ba sa shiga bahon ko da wasa: ƙananan ƙwallayen nan masu kama da jeli da ke kumbura a ruwa, domin idan yaro ya haɗiye guda tana ci gaba da kumbura a hanjinsa har ta toshe shi, sau da yawa sai an yi tiyata, kuma ba kasafai take fitowa a hoton eksire ba. Sai ƙananan maganaɗisu, waɗanda in aka haɗiye biyu suke manne wa juna ta bangon hanji su huda shi. Sai duk abin wasa mai batirin nan mai kama da maɓalli, wanda ke ƙona maƙoshi cikin 'yan sa'o'i. Ɗanyen jan wake mai siffar ƙoda yana da dafi in ba a dafa shi ba, 'yan ƙwayoyi sun isa su sa amai da gudawa. Gyaɗa ma a bar ta, saboda shaƙewa da kuma yaran da jikinsu ba ya ɗaukarta.

Kayan ɗiba

Uku ko huɗu sun isa: kofi babba, kofi ƙarami, cokali ko ludayi, da mazurari. In babu mazurari, a yanke saman gorar ruwa, a naɗe bakin yankan da salatif don kada ya yanki yatsa. A duba cewa ramin ya kai faɗin ɗan yatsa, in ba haka ba shinkafa tana cushewa yaro ya fusata. Baho mai kaya ashirin ba ya barin filin ɗiba, yaron sai ya fara fitar da su ɗaya-ɗaya yana jifa. Awartakin roba na kicin da kwalin ƙwai ana ƙara su ne daga baya, wajen shekara uku, lokacin da hannu ya yi ƙarfin matsawa.

Zama na farko

A zaɓi lokacin da yaro ya ƙoshi kuma ba ya jin barci. Mai jin yunwa ci zai yi, mai jin barci jifa zai yi. A wanke masa hannu, a naɗe hannun riga, a zauna gefensa, ba gabansa ba, don ya ga motsin hannun ta fuskar da zai yi nasa.

Doka biyu kawai ake faɗa, a gajarce: "Shinkafa tana zama cikin baho. Ba a ci." Sai babba ya ɗauki cokali, ya ɗiba a hankali, ya juye cikin kofi sau biyu ko uku ba tare da magana ba, ya ajiye cokalin ya janye hannu. Daga nan abin da ya rage kallo ne. Wani yaron zai yi minti biyar yana tura hannu har gwiwa yana zarowa, bai ko dubi cokalin ba. A ƙyale shi. Wani zai cika kofi ya juye, ya cika ya juye, sau talatin. Wannan maimaicin shi ne koyon, kuma "kawo in nuna maka" shi ne abin da ya fi saurin kashe shi.

Zai zubar a waje, wannan babu makawa. A bambanta zubewa da watsawa. In cokali ya karkace ne, ba a cewa komai, ko a miƙa masa ƙaramar tsintsiya. In ya damƙa ya watsa da gangan, a riƙe hannunsa a hankali a maimaita dokar sau ɗaya. In ya sake, a rufe marfin a ce, "Mun rufe, sai gobe," ba faɗa ba tsawa, kuma kada kuka ya sa a buɗe. Yawanci bayan 'yan lokuta yaro yana gane cewa marfin da gaske yake. Ɗan shekara ɗaya da rabi in ya yi minti biyar ya yi ƙoƙari. Ɗan shekara huɗu yana iya yin rabin awa ko fiye.

Inda koyo yake shiga

Magana ita ce riba ta farko. Ba tambayoyin jarrabawa ake jero wa yaro ba, ana faɗin abin da yake yi ne da kalmar da ta dace: "Ka cika shi fal." "Ya zube." "Wannan ya fi nauyi." "Ka binne doki, ina ya shiga?" Kalmar da ta zo daidai lokacin da hannu ke jin abin ta fi zama. Ga wanda ya fara haɗa jimla, a bar masa gurbi: "Yanzu kofin ya…" a yi shiru ya ƙarasa.

Lissafi yana zuwa ta kofuna. "Ƙaramin kofi nawa zai cika babban? Ki faɗa kafin mu gwada." Sai a ƙirga tare. Daga shekara huɗu a kawo kofi dogo siriri da gajere mai faɗi, a juye shinkafar wannan cikin wancan, a tambaya wanne ya fi yawa. Kusan kullum zai ce dogon, ko da a gaban idonsa aka juye. Masanin nan ɗan Suwizalan, Jean Piaget, ya nuna cewa yara ba sa gane yawan abu ba ya canzawa don mazubi ya canza sai wajen shekara shida zuwa bakwai. Ba sai an gyara masa da baki ba. A bar shi ya mayar da ita kofin farko ya gani, ya sake, ya sake.

Don rarrabewa, a binne abubuwa goma masu kala biyu ko uku, a ajiye kwalin ƙwai ko kofuna a gefe, ya tono ya raba. In ana so a ƙara wahala, ya ɗauko su da awartaki. Matsawar nan tana ƙarfafa babban yatsa da manuni da na tsakiya, yatsun da za su riƙe fensir. Don rubutu, a rage shinkafa ko yashi ya zama siririn shimfiɗi, a zana harafi ɗaya da yatsa, ya kwaikwaya, a girgiza bahon ya goge. Kuskure ba ya barin tabo, shi ya sa yaron da ke tsoron takarda yake sakin jiki a nan. A ruwa kuma, a tara cokalin ƙarfe, da marfin roba babba, da soso, da guntun katako, a tambaye shi wanne zai nutse kafin ya jefa.

Idan abu ya ƙi

Akwai yaron da ba ya son taɓa abu mai danƙo ko mai tsikari, yana janye hannu yana goge shi a riga. Kada a kama hannunsa a tura ciki, wannan ƙara masa ƙyama yake. A ba shi dogon cokali ya fara daga nesa, a ajiye tawul kusa, a fara da busasshen abu kafin mai laima. In ƙyamar ta yi tsanani har tana hana shi cin abinci ko wanka ko sa tufafi, a kai maganar ga likitan yara.

In ya gundura bayan mako guda, ba sai an canza komai da komai ba. A cire mazurari a sa rariya, ko a ɓoye bahon kwana biyar a sake fito da shi. In yara biyu suna faɗa, yawanci a kan cokali ɗaya ne. A kawo biyu iri ɗaya.

In ƙwaya ta shiga hanci ko kunne, kada a sa tsinke ko auduga, tura ta ciki suke yi. Kada kuma a zuba ruwa a kunnen, hatsi yana kumbura in ya jiƙe. Yaron da ya iya fyace majina sai a toshe masa ɗaya ƙofar hancin ya fyace a hankali. In ba ta fito ba, asibiti. Yashi a ido ana wanke shi da ruwa mai tsabta, a hana shi murzawa. In abu ya maƙale masa a maƙogwaro yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. In ya kasa tari ko kuka ko numfashi, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu har sau biyar, wani kuma ya nemi taimakon gaggawa a lokacin.

Ajiya

Busasshiyar shinkafa tana daɗewa in marfi ya kama kuma wurin ba laima. Kafin amfani na farko a sa ta firiza kwana huɗu zuwa bakwai don kashe ƙwan ƙwarin hatsi, a bar ta ta dawo daidai ta bushe kafin a rufe. Duk mako biyu a tankaɗe ta a fitar da gashi da datti, a shinshina. In ta yi warin laima, ko ta dunƙule, ko an ga ƙwaro, ko yaro mai mura ya yi atishawa ciki, a zubar a sake. Haɗin fulawa da mai yana yin mako ɗaya zuwa biyu a rufe kafin man ya fara wari. Kofuna da cokula a wanke su da sabulu, su bushe sarai kafin a mayar, domin ɗigon ruwa kaɗan a ƙasan kofi ya isa ya ɓata shinkafar da ke kewaye da shi. Bahon kansa a ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, musamman in akwai ƙane mai rarrafe a gidan.